Dokin Da Ba Ya Cin Harawa: Daga Nguru Zuwa Gashuwa A Kan Keke

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada wadda in aka ba Bahaushe labarinta sai ya riƙe baki. Mutum ne da gidansa da motarsa, wani ma motar tasa biyu ce, amma gari na wayewa ran Asabar sai ya kulle su, ya ɗauki keke ya bar birni ya nufi karkara. A Faransa da yawansu sukan tasam ma yankin Bordo da makamantansa, inda gonakin inabi suka miƙe iya ganin ido, watau inabin da suke matse giyarsu da shi. Tun safe yana tuƙi har maraice, ya kwana a masauki, kashegari ya juyo, ran Litinin ya koma ofis yana ɗingishi yana murna. Bai sayo kome ba, bai kuwa sayar da kome ba, kuɗinsa ma ya kashe. Su a wurinsu hutu ke nan.

To, a arewacin Jihar Yobe ba gonar inabi, ba kuma mai bukatar abin da ake matsewa daga cikinta. Amma akwai hanya, akwai karkara mai abin kallo, keke kuwa ba baƙo ba ne. Tsakanin Nguru da Gashuwa tafiyar mil arba'in ce, watau kilomita 65 ko kusa da haka, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba gangare. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya yi don nishaɗi, shi ne mutanen Bade da Mangawa da Hausawan wannan yanki suke yi kullum don neman abin sa wa a baka, ba mai tafa musu, ba kuwa mai tunawa da su in ana tsara hanya. Maganar da wannan fili ya ɗauko ke nan a makon nan.

Yadda keke ya hau, da yadda ya faɗi

Dattawa sun san zamanin da keke yake abin alfarma. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti, duk da shi ake gane su. Saurayin da ya sayar da gyaɗarsa ya sayi Raleigh sabo, ya naɗe shi da leda mai launi, ya sa masa madubi da ƙararrawa, to lalle ranar kasuwa shi ne abin kallo. Har lamba ake yanka wa keke a ofishin En'e, wanda bai biya ba kuwa ɗan doka ya tare shi. Cinikin ya kai har kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa masana'anta a Kano, don Nijeriya tana cikin manyan kasuwanninsa a duniya.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Bayan rahoton Udoji na 1974 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas, kowa ya ruga ya sayi babur, wanda ya fi ƙarfi ya sayi mota. Aka jingine keke a zaure, aka bar wa yara da masu tallar kananzir. Sannu a hankali hawansa ya zama alamar rashi, har ya kai in an ga mai muƙami bisa keke sai a fara tambaya ko lafiya. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma wa keke, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Da wata motar haya ta ture shi cikin kwata, sai abin ya zama na barkwanci a jaridu. Aka yi ta dariyar ministan, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa babban birni sabo fil ba shi da wurin da mai keke zai bi.

A Yobe kuwa tilas ce ta dawo da shi. A 2012, sa'ad da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, hukuma ta hana hawan babur, dokar kuma ta ɗauki kimanin shekara goma kafin a fara ɗage ta. Manomi da ɗan kasuwa da ɗan makaranta suka kakkaɓe wa tsofaffin kekunansu ƙura. Babur bai gama dawowa ba, sai ga janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Nan fa aka sake tunawa da dokin da ba ya cin harawa, ba ya shan mai, ba ya neman kome sai iska a taya da ɗan bakin mai a sarƙa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Asabar: daga bakin tasha

Wanda ya yi niyyar wannan tafiya, lokacinta hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan wuce awo 40, ba kuwa mai hankalin da zai sa kansa mil arba'in a cikin wannan rana don sha'awa. A hunturu ma sammako ake yi. Ana sallame Asuba mahayi ya ɗaura goran ruwa a kariya, ya haɗa da famfo da tub na ajiya da sholisho da abin faci, ya rufe hanci da rawani ko ƙyalle saboda ƙura, ya kama hanya.

Ya kamata ya fara daga bakin tashar jirgin ƙasa, don nan ne cibiyar tarihin Nguru na zamani. Garin dai tsoho ne, tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Barno, mai tsaron daular ta fuskar yamma. Amma dogon da ya iso daga Kano a 1930 shi ya mai da shi babbar matattarar fatake. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da kanwa da shanu da busasshen nama, duk nan ake tara su, waɗansu daga ƙasar Nijar, a loda a jirgi zuwa Kudu. Dogo a Nguru ya tsaya. Daga nan zuwa Gashuwa da Gaidam kuwa sai raƙumi da jaki da takarkari, daga baya mota da keke. Ashe hanyar da mahayi zai bi tsohuwar hanyar fatauci ce.

Yana fita gari zai gane abu na farko da matafiyin mota bai taɓa sani ba, watau iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Gashuwa kuwa gabas take da Nguru. Saboda haka mai zuwa yana kokawa da ita ne, mai dawowa kuwa ita ke tura shi. Da sanyin safiya takan yi laushi, hantsi na ɗagawa ta ƙarfafa. Dalilin sammakon ke nan. Wanda ya yi nawa sai ya ga yana taka feda da ƙarfinsa duka, keke yana tafiya kamar an ɗaure masa dutse.

Abu na biyu shi ne wannan hanya kan iyaka ce tsakanin ƙasa biyu. Hannun hagu, watau arewa, rairayi ne da gonakin gero da wake da riɗi, da goruba da aduwa da dakwara mai ba da ƙaro, haka har a dangana da tuddan yashi na ƙasar Yusufari. Hannun dama kuwa, watau kudu, fadama ce, dausayin nan na Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yake bazuwa ya kwanta. Nan ake noman shinkafa da damina, da rani kuma alkama da albasa da tattasai da barkono. Nan masunta ke kama tarwaɗa da karfasa, nan Fulani ke gangarowa da shanu in ciyawar tudu ta ƙare. Mai mota yakan ratsa duk wannan cikin sa'a guda, gilashi a rufe, bai ga kome ba sai ƙura. Mai keke kuwa yana jin ƙamshin bandar kifi tun bai ga hayaƙin ba, yana jin kukan injin ban-ruwa, yana amsa gaisuwar manoma.

Ba kuwa shi kaɗai ne a hanya ba. Ga mai kwalin bandar kifi ya ɗaure shi da roba har ya fi kansa tsawo. Ga mai jarka huɗu, biyu dama biyu hagu. Ga mai damin kaba, ga mai buhun gero, ga ɗan makaranta ya goyo ƙanensa, ga dattijo da akuya a kariya tana kuka. Waɗannan su ne ainihin masu hanyar. Kekunansu ba giya, waɗansu ba birki sai diddige, amma abin da suke tafiya a mako guda ya isa ya sa ɗan birni jinya. "Sannu da hanya," in ji su, su wuce baƙo da kekensa na zamani yana haki.

Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ita ce babban zango. Nan mahayi zai sauka ya miƙe ƙafa, ya sha shayi ko fura da nono, ya cika goransa. Nan kuma zai san darajar mai faci. Ƙasar nan ƙasar ƙaya ce. Da zarar babbar mota ta matso mutum ya kauce gefen titi, to tsidau da ƙayar aduwa suna nan suna jira. Mai faci yana zaune ƙarƙashin inuwar maina da kwanon ruwansa, ya tsoma tub ya nemo inda ke kumfa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya manna, cikin minti goma an gama. Ba don shi ba da rabin kayan da ke shiga kasuwannin yankin ba su iso ba, amma ba a taɓa jin sunan sana'arsa a cikin wani shirin tallafi ba.

Wanda ya tashi da ƙarfe shida da rabi, yana tafiyar kilomita 14 ko 15 a sa'a, ya huta sau biyu ko uku, in Allah ya yarda a Gashuwa zai yi Azahar. Sannu ba ta hana zuwa. Gashuwa ita ce fadar Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, wanda ya samu daga haɗuwar ruwan Haɗeja da na Jama'are, ya miƙe gabas har Tafkin Chadi. Gari ne na kifi da shinkafa, ga kuma ilmi, don akwai Kwalejin Horon Malamai ta Umar Suleiman, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Da la'asar sakaliya baƙo ya gangara bakin gada ya ga masu kwalekwale suna dawowa, ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi, ya kwanta da wuri.

Lahadi: baƙin da ba su da fasfo

Ran Lahadi iska tana bayan mahayi, saboda haka yana da sarari ya ratse. Kudu da hanyar, cikin ƙasar Bade, akwai tafkin Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa, wadda take cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. In sanyi ya tsananta a Turai, agwagin ruwa da sauran tsuntsaye iri iri sukan taso su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a wannan dausayi su yi hunturu tare da 'yan gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, su ne kuwa na farko a Nijeriya da suka sami wannan matsayi. Dagona ta bi baya a 2008.

Abin mamaki, tsuntsu ya taso daga Turai ya gano Dagona, ɗan sarauta ya taso daga Ingila ya gan ta, amma akwai ɗalibi a Gashuwa da ma'aikaci a Nguru da za su yi shekaru a nan ba su taɓa leƙawa ba, alhali tafiyar hantsi ce a keke.

Wanda ya leƙa kuwa zai ga abin da ya fi tsuntsaye muhimmanci, watau kacalla. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Da can ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyoyinsa, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Da aka koma sako shi kaɗan kaɗan duk shekara, sai laka ta taru, ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta toshe mashigai. Sakamakon haka wani wuri ruwa ya kwanta bisa gonaki ya ƙi tafiya, wani wuri kuma a ƙasa ana jiransa bai iso ba. Masunci ya rasa inda zai jefa birgi, makiyayi ya rasa mashaya, tsuntsayen jan-baki kuwa sun sami maɓoya, daga nan suke tashi su far wa shinkafa da gero. Ga kuma shekarun da ruwan ke zuwa fiye da kima, kamar ambaliyar 2022 wadda ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Bade da maƙwabtanta. A takarda duk wannan rahoto ne. Amma wanda ya tura kekensa a gefen fadama, ya ga kacalla ta fi shi tsawo a inda dattijo ke nuna masa da sanda cewa nan gonarsa take a da, to ya daina ɗaukarsa rahoto. Gani ya kori ji.

Abin da ya kamata a yi

Kada mai karatu ya ɗauka ana kiran talaka ne ya zo ya yi yawon shan iska. Wanda ke ɗaukar buhu a keke kwana shida ba ya bukatar a koya masa motsa jiki ran Asabar. Kiran na waɗanda suka manta da keke ne, watau ma'aikata da malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda zaman ofis da na shago ya sa hawan jini da ciwon sukari suka yi musu sallama tun ba su tsufa ba. Ya fi zama wajibi kuma a kan masu tsara hanyoyi da masu sa hannu a kan kwangila. Shugaban ƙaramar hukuma ko injiniyan da ya taɓa jin iskar tirela ta kaɗa shi zuwa cikin ƙaya, ba zai ƙara amincewa da titin da ba shi da kafaɗa ba.

Na farko ke nan: duk lokacin da za a gyara wannan hanya ko wata irinta, a shimfiɗa kwalta a gefe, ko da taku huɗu ne, don masu keke da masu tafiya a ƙasa. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na titin, rayukan da zai tsare kuwa ba su da farashi.

Na biyu, a taimaki mai keke a gan shi da dare. Yawancin kekunan karkara ba fitila ba abin ƙyalli, masu su kuwa da duhun asuba suke fita, bayan magariba suke dawowa, a cikin hazon da ko mota ba a hangowa. Ƙungiyoyin direbobi da Hukumar Kiyaye Haɗurra da sarakunan kasuwa suna iya raba ledar nan mai ƙyalli a manna a bayan kowane keke ranar kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, ruwan sha. An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba yana cikin abubuwan da ke raunana ƙoda. Mai ɗaukar kaya a keke yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Rijiyar burtsatse mai tsabta da 'yar rumfa a kowane zango sadaka ce mai gudana, ba sai an jira gwamnati ba, masu hali na Nguru da Gashuwa suna iyawa.

Na huɗu, a sa rana. Faransa tana tseren kekenta tun 1903, Burkina Faso ma, wadda ba ta fi arewacin Nijeriya arziki ko sanyi ba, tana nata tun 1987. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 3 ga Yuni ta zama ranar keke, sai dai a Yobe wannan lokacin zafi ne da shirin shuka. Ranar da ta dace da wannan yanki ita ce Asabar ɗin da ta fi kusa da 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, lokacin da sanyi bai tafi ba, tsuntsaye ba su koma ba. Ƙananan hukumomin Nguru da Karasuwa da Bade, da masarautun Nguru da Bade, da makarantun garuruwan biyu, in sun haɗa kai ba abin da zai gagara. A sanar da jami'an tsaro, a tafi a ƙungiya, da rana, a kwana a dawo. A kuma ware rukuni na masu kekunan aiki, a ba su kyautar da ta fi ta kowa, don su ne gwanayen hanyar tun ba a san za a yi biki ba.

Wanda ke ganin mil arba'in ta yi yawa, ya tuna da Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, wanda a 2023 ya hau keke ya nufi Jami'ar Azhar ta Misira neman ilmi. Wata huɗu yana tafe, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har ya kai Chadi, inda masu alheri suka saya masa tikitin jirgin sama, Azhar kuma ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Shi ya ƙetare ƙasashe don ya san abin da bai sani ba. Abin da ake nema ga ɗan Nguru da ɗan Gashuwa bai kai haka ba, kwana biyu ne kawai, ya san ƙasar da ke ciyar da shi.

Da yammacin Lahadi mahayi zai shigo Nguru, fuska fari fat da ƙura, ƙafa ta yi nauyi, aljihu kuwa bai yi kuka ba. A bakin gari zai gamu da mai kwalin kifin nan na jiya, ya sauke kaya ya ɗaura wani, ya juya kan kekensa gabas, zai sake fuskantar iska. Ran Litinin ɗaya zai koma kujerarsa, ɗayan kuwa yana kan hanya. In na kan kujerar ya tuna da shi ranar da takardar gyaran titi ta iso teburinsa, to tafiyar ta biya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.